Malam Hamisu da Muryoyin da Ya Tara

Ina tsaye gaban allo a kwalejin da nake koyarwa a Illela, ranar Laraba da hantsi, wayata ta yi ta ruri cikin jaka har na gaji na ɗauka. Lawali ne, babban ɗan Malam Hamisu. Ya ce, "Anti Hadiza, sai haƙuri. Baba ya cika yanzu da sahe." Na yi salati, na ajiye alli, na zauna a bencin wata ɗaliba. Kafin motar da na shiga ta isa Ƙonni, an riga an kai shi makwancinsa.

Malam Hamisu shi ya koya mini Ingilishi shekara huɗu, kuma saboda shi nake wannan aiki. Ranar sadakar uku matarsa, Inna Rabi, ta kira ni ɗaka, ta turo mini wani kwali cike da kaset da tsohuwar rakodarsa. Ta ce, "Hadiza, ke kin san kayan ga. Shekara da shekaru shina ɗaukar maganar mutane. Ki biɗo mini inda tashi take. So nike in ji muryatai, ko kalma guda ce." Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne, ta ba ni mako ɗaya. Na yi saurin baki.

Duk wanda ya zauna ajinsa ya san waɗannan kaset. Malam ɗan masu doki ne, a barga ya tashi, kuma ko da ya zama malamin lakwal, wato makarantar boko, ba a yin sukuwa a Ƙonni ba ya bakin fili. Tun yana saurayi yake kama labarin wata babbar sukuwa ta ƙasar Ingila a rediyo, ya riƙe sunanta yadda mai ba da labarin yake faɗa. Wata rana ya faɗi sunan gaban wani Ba'amurke da ya zo aikin rijiyoyi wajen Malbaza, mutumin ya gyara masa. Malam ya ce shi daga bakin masu abin ya ji. Ba'amurke ya ce su ma suna da tasu sukuwar mai wannan suna, kuma ba haka suke faɗa ba. Suka yi ta musu har shayi ya huce. Da wani ne, da haushi zai tashi. Malam rakoda ya je ya samo.

Daga nan ya zama ɗan gida a bakin iyaka, inda manyan motoci suke layi gaban duwan, wato ofishin kwastan. Zai zo a kan kekensa, da sunan rubuce a 'yar takarda, ya bi direbobi da fatake yana roƙo. Mutum ya faɗi garinsu, ya karanta sunan, shi ke nan. Ya samu 'yan Gana, da 'yan Legas, da 'yan Inugu, da wani likitan ido Ba'indiye, da wata tsohuwar Baturiya da motarsu ta lalace a hanyar Dogarawa. Kalmar gaɓa biyu ce kacal, amma ɗan Ingila sai ya wangame baki a ta farko, Ba'amurke ya naɗe harshe kamar mai tauna goro, ɗan Gana ya datse ta gajere. Mutanen gari suna ce masa mai farautar bakuna, yana dariya.

Ni 'yar ƙauye ce, kuma ranar da na fara karatu da ƙarfi a ajinsa 'yan birni suka fashe da dariya. Na rantse a raina ba zan sake buɗe baki ba. Bai tsawata wa kowa ba. Washegari ya zo da rakoda, ya sa mana mutum goma sha wani abu suna faɗin suna ɗaya, ya ce a nuna masa wanda ya yi kuskure. Aka rasa. Ya ce, "To in masu harshen ba su shirya da junansu ba, ku mi kuka yi ma Hadiza dariya?" Sannan ya miƙo mini takardar, ya danna maɓalli. Yana yawan ce mana, "Ku saurara tukuna, gyara na nan tahe." In ɗalibi ya noƙe kuma ya ce, "Hwaɗi da bakin da Allah ya ba ka, shi kaɗai gare ka."

Na tafi da kwalin Illela. Kullum in na taso aiki sai in shimfiɗa tabarma in saurara, kaset bayan kaset, gaba da baya. Wasu rakodar ta cinye zarensu, na warware da biro na liƙa. Na ji direbobi, na ji ƙarar injin da kukan awaki da masu tallar ruwa. Na ji muryata ina 'yar shekara goma sha uku tana rawa, na yi kuka har na kashe rakodar. Malam kam ban ji shi ba.

A kwana na huɗu na tuna yadda yake yi, gabana ya faɗi. Sai ya gama bayani da roƙo yake danna maɓalli, ya sa hannu ya rufe bakinsa, ya yi wa mutum nuni da kai. Sai ya ɗaga yatsa daga maɓallin yake godiya. Mun taɓa ce masa ya faɗi nasa mu ma mu ɗauka, ya ce, "Kaset tsada gare shi. Ni kuna da ni kullum, waɗanga baƙi na, gobe sun wuce." Muka yarda, don a lokacin gaskiya ce.

Na bi 'ya'yansa da tsofaffin ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya. Malam ƙaramar waya mai maɓalli yake riƙewa, bai taɓa aika saƙon murya ba. A bidiyon bikin Lawali an gan shi yana magana, amma kiɗa aka ɗora a kai. Ni da nake da babbar waya shekara nawa, na zauna gabansa sau ba adadi yana ba da labarin dawakin ubansa, ban taɓa dannawa ba. Wannan yana cina, kuma ban san inda zan kai shi ba.

Abin da na samu duka tari ne guda, a ƙarshen wani kaset, bayan wani ɗan Kumasi ya gama faɗin sunan. Na ce wataƙila nasa ne. Na kai wa Inna Rabi ranar Juma'a, na sa mata. Ta karkata kai, ta ce in mayar. Na mayar sau uku. Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Wanga tarin direba na, ɗiyata. Malam ba haka yaka tari ba." Ta dafa hannuna, ita ce ma take ba ni haƙuri. 

Ya Allah, Kai ne Mai jin abin da mu muka kasa riƙewa. Ka jiƙan bawanka Hamisu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka saka masa da alherin kowane yaro da ya buɗe wa baki. Ka ba Lawali da ƙannensa haƙuri, Ka shirya abin da ya bari. Inna Rabi kuwa, wadda na yi wa alkawari na koma mata hannu wofi, Ka sanyaya zuciyarta, Ka haɗa su a Aljanna ta ji muryar mijinta da kunnenta. Amin.