Famfon Man Motar Yaya Haruna

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Haruna makwancinsa, amma ban taɓa jin rashinsa kamar na wannan kakar ba. Ni ƙaninsa ne, ɗinki nake yi a nan Potiskum. Niyyata da farko in rubuta yabonsa kamar yadda ake yi wa mamaci. Na zauna na kasa, domin motarsa tana tsaye a ƙofar gida, ɗansa kuma ya daina gaishe ni.

Motar tsohuwar akori-kura ce mai shan fetur, irin mai kafireto, ta girmi Sani ɗan nasa da ke tuƙa ta yanzu. Da ita Yaya ya riƙa kwaso gero da wake daga Mamudo zuwa kasuwar hatsi. Mutum ne da ya fi tausayin motarsa a kan jikinsa. In ya yi zazzaɓi sai ya ce zai wuce, in motar ta yi tari sau ɗaya kuwa ranar ba mai ganin haƙorinsa.

Abu guda na sani a inji, shi ma don Yaya yana buƙatar almakashina ne. Duk shekara kafin kaka sai ya kwance famfon mai daga jikin injin ya kawo shagona. A cikinsa akwai wata roba da ke tsotso fetur daga tanki ta tura wa kafireto. Ba ya yarda da ta kasuwa. Fallen roba mai jure fetur yake sayowa, ya ɗora mini murfin wani gwangwani a kai in zagaye shi da almakashi, yana tsaye a kaina yana cewa, “Mamman, a hankali, ba wuyan riga kake yanka ba.” In ya haɗa sai ya toshe bakin famfon da babban yatsa, ya danna hannun famfon, ya saurari bugun. Yakan ce kafireto tsoho ne, kurɓa yake yi, in ka ɗura masa sai ya ƙware.

Akwai kuma abin da ya haramta. Direbobi da yawa in famfo ya mutu sai su ɗaure jarkar fetur a saman kan mota, su zuro tiyo ya gangaro cikin inji. Motar za ta tafi, ba shakka. Amma Yaya ya taɓa ganin tiyon ya zame a kan inji mai zafi a hanyar Danchuwa, shi ya jawo direban daga cikin wutar, mutumin bai kwana ba. Da tabon ƙunar a hannunsa na dama muka binne shi. Tun Sani yana ƙarami yake nuna masa tabon yana cewa, “Ko za ka kwana a daji, kada ka ɗora fetur a kanka.”

Bayan rasuwarsa na ci gaba da yanka wa Sani robar duk shekara. Bana, a ƙarshen damina, gangar jikin famfon ce ta tsage, abin da almakashi ba ya gyarawa. Muka je wajen wani Alhaji, Bakano, mai sayar da kayan gyara. Ya juya famfon a hannunsa ya yi dariya ya ce, “Malam, wannan ai tun ina yaron shago rabona da shi.” Ya ba mu famfo na wutar lantarki, wanda aka ciro daga motar zamani. Bakanike ya ɗaura, Sani ya murɗa makulli, sai ga fetur yana ambaliya ta bakin kafireto yana bin jikin inji. Ƙarfinsa ya fi ƙarfin tsohon kafireton, kamar yadda Yaya ya faɗa.

Muka koma aka ba mu ƙaramin na wuta, sabo, wanda ƙarfinsa ya yi daidai. Ya kai Sani Mamudo lafiya, a dawowa ya ƙone, mota cike da waken mutane. Muka sake wani, shi ma bai yi mako ba. Na bi garejin garin nan kaf da tsohon famfon a aljihun riga, na sa an duba a Kano, ba a dace ba. Kaka kuwa ba ta jiran kowa. Manoman da tun iyayensu motar Yaya ke kwaso musu hatsi suka fara kiran wasu, kuma ban ga laifinsu ba. Da aikin watannin nan Sani ke ciyar da iyalinsa da mahaifiyarsa har shekara ta zagayo.

Ranar Asabar da safe na biyo ta gidan, na tarar da jarka ɗaure a saman kan motar, tiyo ya gangaro ta gefen gilashi. Sani yana ƙara ɗaure igiya, bai yarda mun haɗa ido ba.

Na ce, “Sani, sauke ta.”

Ya ce, “Baffa, sawu uku kawai. Kowa haka yake yi.”

Na ce, “Ka manta hannun ubanka?”

Ya ce, “Ban manta ba. Amma Baba bai taɓa barin gidan nan ba hatsi ba.”

Gaskiya ya faɗa. Almakashina yana aljihu. Na lanƙwasa tiyon daga sama don kada man ya zubo, na datse shi, na sake datsewa har ya tashi daga aiki. Sani, magidanci mai ’ya’ya, ya zauna a kan taya ya rufe fuskarsa. Tun ranar in ya hango ni sai ya canza hanya.

Ina ta tambayar kaina abin da Yaya zai ce in ya ga yau. Na san jarkar ba za ta kwana a kan motarsa ba. Amma na kuma san mutum ne da ba ya iya ganin mota a tsaye ana kaka, ba ya iya ganin ɗansa yana kuka. Wataƙila da ya san wani kango a wani ƙauye inda irin motar nan ta mutu da famfonta lafiya. Shi ya san irin waɗannan wuraren, kuma ya tafi da saninsa. Ni tsoro kawai ya bar mini, da murfin gwangwani.

Don haka wannan waiwayen ya koma roƙo. In akwai mai tsohuwar akori-kura mai kafireto da ta mutu a bayan gidansa, kaji suna ƙwai a cikinta, don Allah ya buɗe ya duba gefen injin. Ko robar ta ruɓe ba komai, na riga na yanka sabuwa tana rataye a ƙusa a shagona, gangar jikin kawai nake nema. A tambayi telan da ya yanke wa ɗan wansa tiyo, duk ’yan gareji sun ji labarin.

Allah ya jiƙan Yaya Haruna. Gida na kansa bai bari ba, gona bai bari ba, abin da ya rage nasa shi ne motar nan da yaron nan, kuma ina tsoron in rasa su rana ɗaya. Jiya mahaifiyar Sani ta aiko a gaya mini buhun hatsi na ƙarshe aka buɗe. Tiyo kuwa ba shi da tsada, a bakin kowace tasha ana sayar da shi, ni kuma ba kullum nake biyowa ta gidan da safe ba.