Ƙyauren Wani Gari

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, hirar dare ta dawo hannun kakata. Kafin nan mu yaran gidan mun fara raina tatsuniya, domin Baffa Habu, ƙanen mahaifina, yana da gidan kallo a bakin hanyar da ta nufi iyaka, kuma ta ɓular zana mukan leƙa mu sha kallo kyauta. Da aka rufe gidajen kallo, kiɗan biki ma ya ja baya, sai muka waiwaya muka tarar da Kaka Delu tana nan inda muka bar ta, a ƙofar ɗakinta, gaban wutar kara, tana gasa gyaɗa a toka. Ba ta yi mana gori ba. Ta dai matsa gefe ta ba mu tabarma, ta ce in mun gama yawon duniya mu zauna.

Baffa Habu shi ne autanta, kuma mutum ne da ba ya iya zama hannu rabbana. Ya sayar da talabijin da bidiyo, ya ƙetara Maraɗi, ya dawo da kwamfuta ta hannu da injin buga takarda, ya buɗe shago kusa da 'yan kwastan yana buga wa direbobi da fatake takardunsu. Ita ce kwamfuta ta farko da na fara gani, ina 'yar shekara tara ko goma, kuma na daɗe ina jin tsoron in wuce ta gabanta ba tare da sallama ba. Idan aka kunna ta, ba ta barin mutum ya shiga kai tsaye. Sai ta tsaya a kan wani shuɗin allo ta nemi suna da kalmar sirri. Baffa ya ce mana wannan shi ne zaurenta, inda baƙo ke tsayawa a san ko shi wane ne.

A cikin kwamfutar nan akwai abin da babu shi a ko'ina a duniya, wato fuskar kakanmu namiji, mijin Kaka Delu, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Hoto ɗaya tak aka taɓa ɗaukar sa. Yana rataye a bango har lokacin da mahaifina ya ji wa'azi a kan hotuna, ya sauke su duka cikin ladabi ya ajiye a akwati, gara kuwa ba ta san ladabi ba, ta cinye su. Allah ya sa kafin nan Baffa ya kai hoton Katsina an kwafa masa a faifai, ya zuba a kwamfuta. Daga baya zafi ya lalata faifan.

Idon Kaka a lokacin ya fara yin yana. Tana gane mu da murya fiye da fuska, kuma kowa a gidan ya san hasken da ya rage mata ba mai yawa ba ne. Baffa ya yi mata alkawarin zai nuna mata hoton. Ta taɓe baki ta ce me za ta gani, tsoho ne kamar kowane tsoho. Ita irin matan dā ce. Tunda nake ban taɓa jin ta kama sunan mijinta ba, sai dai ta ce “wancan”, ko “mai gidan ga”, kuma a ganinta babu rashin kunyar da ta kai mace ta nuna tana kewar miji a gaban 'ya'yanta.

Da Baffa ya buɗe hoton kawai ya nuna mata, da an wuce wurin. Amma Baffa mai son burgewa ne. Wani abokinsa a Katsina ya ba shi wani adon zaure, wanda ke cire shuɗin allon nan ya sa kore mai zanen bakan masallaci, da gurbin hoto a tsakiya. So yake idan an kunna kwamfutar, mahaifinsa ya fara bayyana a zaure kamar kowane maigida. Ya cire tsohon allon, ya dasa sabon, ya kashe ya kunna. Kore bai zo ba, shuɗi bai dawo ba. Allo ya yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan akwati a tsakiya da rubutun Faransanci, domin kwamfutar da harshen ƙasar da aka sayo ta take magana. Baffa kuwa Turancin Ingilishi ya karanta, abin da ya iya na Faransanci bai wuce na ciniki da 'yan duwan, wato kwastan na tsallaken iyaka, ba.

Babu abin da bai gwada ba. Ya kashe ya kunna har yatsansa ya gaji. Ya canza waya, ya zargi janareta, ya kwance bayanta ya hura, ya yi mata fifita wai ko zafi ne. Direbobi suka fara wucewa da takardunsu zuwa Katsina. Abokin nasa ya aiko cewa magani ɗaya ne, a wanke ta tas a zuba mata sabon ciki, duk abin da ke ciki ya tafi, kuma zai zo washegarin kasuwa ya yi. Baffa ya amince. Mahaifiyata ta ce masa ya nemi wanda zai karanta rubutun mana, ya ce shi da ya sayi abu da kuɗinsa ba zai je yana roƙon a fassara masa ba.

Daren da ya yanke wannan shawara, bayan isha'i, sai ga shi ya zo ya zauna a gefen wutarmu, abin da bai saba ba. Ya ce wa Kaka ta yi haƙuri, hoton ba zai samu ba. Ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da tona gyaɗa. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta buga mafici a ƙasa ta ce, “Wa ad da kunnen aro?” mu ce ga namu. Daren nan da muka amsa, ta juya wajen Baffa ta ce, “Auta, kai ma ara mani naka.”

Wai an yi wani saurayi mai son ado, ya yi fatauci zuwa wani gari mai nisa, ya ga ƙyauren gidan sarkinsu, na katako mai sassaƙa, ya ce sai ya mallaki irinsa. Ya sayo ya ɗoro wa raƙumi. Da ya iso gida ya cire ƙyauren kara na ɗakin ubansa ya jefar bayan danga, ya kafa na katako, alhali tsohon yana ciki yana barcin rana. Ya tara mutane, ya ja ƙyauren ya rufe don su ga kyansa. Suka gani, suka yaba. Da aka zo buɗewa, ƙyaure ya ce bai san zancen ba. An ja, an tura, an zuba man shanu a gindinsa, ko motsi. Samari suka ɗauko gatura suka ce a rushe bango. Kowa ya san idan bango ya faɗi, rufin zai bi shi, kuma tsoho yana ƙarƙashi, amma rana ta yi zafi, mutane sun gaji.

A nan Kaka ta sassauta murya. Ta ce akwai wata tsohuwa zaune a gindin bangon tun safe. Aka ce ta tashi kada ƙasa ta danne ta. Ta ce ita ba ruwanta da kowa, inuwa kawai take sha. Aka sake cewa ta tashi, ta ce ƙafarta ce ke ciwo. Ta ƙi tashi, su kuma ba su iya sara bango tana jingine da shi ba.

Sai wata kurciya ta sauka a kan ɗakin tana waƙa. Kaka ta rera mana da siririyar muryarta, har yau ina jin ta:

“Ƙyaure na wani gari,
Ƙohwa ta wani gari,
Ku bar gatari, ku bar gatari,
Mai kwana na ciki.”

Mutanen garin suna jin kukan amma ba su san me take cewa ba, domin kurciyar ta biyo ƙyauren ne daga wancan garin. Suka yi ta jifan ta. Sai da wata baƙuwa mai tallar nono ta zo wucewa, 'yar wancan garin, ta tsaya ta saurara, ta ce ai magana take yi. Cewa take a hau sama a ɗaga jinka kamar yadda ake shiga rumbu, a sauka ciki, a kwance ƙyauren ta baya, a mayar da na kara. Haka aka yi. Tsoho ya farka ya yi miƙa, ya ce a ba shi ruwa, bai ma san an yi wani abu ba.

“Tsohuwar hwa, Kaka?” na tambaya.

“Ta kaɗe zaninta ta yi tahiyarta. Inuwa ta ƙare.” Ta buga mafici. “Ku amshi kunnuwanku, na gama da su.”

Mu yara mun ji daɗin waƙar kurciya, muka yi ta maimaitawa. Baffa kuwa ya daɗe yana kallon wutar, sannan ya tashi ya yi mana sai da safe.

Ranar kasuwa da hantsi sai ga Anti Rabi, ɗiyar ƙanen Kaka, wadda ke koyarwa a makarantar firamare a Ɗan Isa, can tsallaken iyaka inda ake karatu da Faransanci. Ta zo da cuku da dabino, ta ce wani mai goro ne ya kai mata saƙon cewa gwaggonta na son ganin ta. Kaka ta ce ita ba ta tuna ta aiki kowa ba, amma tunda an zo, sannu da zuwa. Baffa ya yi ta kewaye-kewaye a tsakar gida, daga ƙarshe ya cire girman kai ya ce, “Rabi, in kin huta, zo ki gane mani wani abu a shago.”

Na bi su. Anti Rabi ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, ta ma tsaya nesa da ita kamar mai gudun kada ta cije ta. Amma ta karanta ɗan akwatin nan cikin sauƙi. Ta ce cewa yake abin da aka sa a bakin shiga yana neman wani abu a cikin gidan bai same shi ba. Baffa ya dafe kai. A nan ya gane adon nan an yi shi ne don kwamfuta mai jin Ingilishi, tasa kuwa tsarinta daban ne. Ya tuna akwai maɓallin da ake dannawa tun tana farkawa, wanda ke fito da wasu layuka da ya sha gani yana wucewa don bai san me suke cewa ba. Anti Rabi ta karanta masa su ɗaya bayan ɗaya, har suka kai ga wanda ke buɗe ta ba ado ba kwalliya. Ya danna. Rubutu ya yi ta zuba fari a kan baƙi, sai ga ta ta buɗe, komai manya-manya, launi a koɗe. Ya lalubo tsohon shuɗin allon inda ya yasar da shi, ya mayar, ya kashe ya kunna. Zaure ya dawo ya nemi suna. Ni dai a ranar na ɗauka kakata tana ganin gaibu.

Da magariba ta wuce aka turo kwamfutar gida a baro, da janareta a baya. Aka ajiye ta a kan turmin da aka kife a ƙofar ɗakin Kaka. Baffa ya buɗe hoton ya cika allon da shi. Wani siririn mutum ne mai dogon wuya da tsage a kumatu, yana kallon mu kamar an tilasta masa tsayawa. Mahaifina ma ya fito ya tsaya daga baya, bai ce a kashe ba. Kaka ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta karkata kai ta duba da idon dama, wanda ya fi gani.

“Rigar aro ce,” ta ce. “Ta yi mashi yawa a kahwaɗa.”

Shi ke nan abin da ta faɗa. Amma ba ta ja baya ba. Aka kawo tuwo aka ci aka ɗauke kwanuka tana nan zaune, har man janareta ya ƙare allon ya mutu da kansa. Kafin damina ta kewayo, idon dama ya bi na hagu.

Yanzu aikin kwamfuta nake yi, kuma idan aka kawo mini wadda ta ƙi buɗewa aka ce in wanke ta kawai, nakan tambayi mai ita ko wa ke ciki. Na daɗe ina zaton wannan shi ne duk darasin. Na tambayi tsofaffi a Bugaje da Mazanya, inda Kaka ta yi ƙuruciya, ko sun san tatsuniyar ƙyauren wani gari. Babu wadda ta taɓa jin ta. A daren ta ƙirƙire ta, tana tona gyaɗa, mace da ba ta san bambancin kwamfuta da talabijin ba, daga ɗan abin da kunnenta ya tsinta na ƙorafin ɗanta. Wannan har yau yana ba ni mamaki.

Amma sai da na yi aure, na haihu, na binne nawa mijin, sannan na gane ba don saurayin ta yi tatsuniyar ba, ba kuma don kurciyar ba. Kunya ta hana ta ta ce wa ɗanta kada ya shafe mata fuskar mijinta, ta hana ta ta ce tana son ta gan shi sau ɗaya kafin duhu ya rufe. Sai ta je ta zauna a gindin bango a gabanmu duka, ta ce inuwa take sha, mu kuwa muka yarda.