Ofisa da Birnin da Zai Ƙone

Shekara talatin da uku Ofisa ya yi a aikin kwana-kwana, kuma har ya yi ritaya bai taɓa shiga ɗaki bai fara ƙirga ƙofofi ba. In aka gayyace shi taro, kujerar da ke kusa da hanyar fita yake ɗauka, ko da an ajiye masa ta gaba. In ya je duba mara lafiya a asibiti, tukunyar kashe wuta da ke rataye a bango yake fara dubawa, ya karanta ranar da za ta daina aiki, sannan ya juyo ya ce, "Ya jikin?" Gajere ne mai faɗin kafaɗa, girarsa ta hagu ba gashi tun wata gobara da aka yi a ma'ajiyar fenti. Sunan Ofisa kuwa ya biyo shi har gida. Matarsa ma haka take kiransa, sai dai ita tana jan ƙarshen in ya ɓata mata rai.

Talabijin ba ta dame shi ba. Labarai kawai yake kallo, su ma sai an nuno gobara yake gyara zama ya ga yadda aka riƙe tiyo.

Sai aka yi masa aikin gwiwa, likita ya ce sati shida ba yawo. Aka girke shi a falo, ƙafa a kan ƙaramin tebur, matashi a ƙarƙashinta. A satin farko ya sa an matsar da tukunyar gas sau biyu, an cire firji daga soket ɗin da yake rabawa da dutsen guga, an kwashe tsofaffin jaridu daga bayan kujera. A sati na biyu Mama, matar tasa, ta kira 'yarsu ta ƙarshe a waya ta ce ta zo da wani abin da zai rufe wa ubanta baki na awa ɗaya.

Auta ta zo ranar Asabar da yamma, daga kantin maganin da take aiki, ko farar rigarta ba ta cire ba. Ta haɗa wayarta da talabijin ta ce wani sabon shiri ne mai dogon zango, jiya aka saki kashin farko, duniya duk maganarsa ake yi. An ce abin da aka kashe wajen shirya shi zai gina gari guda.

"Labarin me?" in ji Ofisa.

"Baba, ka tuna wanda muke kallo da Mama shekarun baya, mai tsuntsayen nan masu aman wuta? To wannan shi ne abin da ya faru shekara ɗari huɗu kafin wancan. Lokacin da ake gina birnin."

"Wane birni?"

"Wanda ya ƙone a ƙarshen wancan."

Ofisa ya dubi matarsa. "Ya ƙone?"

"Ƙurmus," in ji Mama. "Ko cokali ba a fitar ba."

"Wato an riga an san ƙarshensa."

"An sani, Baba."

Ya gyara zama. "To ai wannan ba fim ba ne, bincike ne. Miƙo min biro."

A bayan ambulan ɗin hoton gwiwarsa ya fara rubutu. Aka buɗe da kiɗa mai nauyi, aka nuno birni daga sama, a tsakiyar tafki, da hasumiyoyi da gadoji. Auta ta ce, "Kai, Mama, dubi kyau!" Ofisa ya ce katako ne, kuma gidajen sun manne da juna. Aka shiga fadar sarauniya, kyandir ya fi dubu. Ya sa aka tsayar da hoton, ya nuna da bakin biro inda labule ke lilo a kan uku daga ciki. Aka nuno ɗakin ajiye littattafai, wani tsoho mai gemu har ciki yana karatu da itace mai ci da wuta a hannu, harshen wutar na lasar takarda.

"Wannan shi ne mai hikimar garin," in ji Auta.

"Na gani," in ji Ofisa, ya rubuta.

Sunayen mutanen ba su zauna masa ba, don haka ya raɗa musu nasa. Akwai Mai Labule, akwai Mai Gemu, akwai wani kyakkyawan saurayi da ya kira Wanda Zai Mutu. Bai yi minti ashirin ba aka soke shi a wurin liyafa. Auta ta dafe ƙirji. Ofisa ya ce tun da ya ga ya zauna ya ba ƙofa baya ya san ba zai daɗe ba.

Ƙofar birnin guda ɗaya ce, kuma ciki take buɗewa. Wannan ya ja masa layi biyu.

Can wajen tsakiya tsuntsun ya iso, girmansa ya kai motar ɗaukar kaya, ya hura wa kasuwar birnin wuta. Nan ne aka kashe kuɗin, ko makaho zai ji a kunnensa. Mama ta ajiye kofinta. Ofisa ya karkace kai yana kallo kamar tela na duba ɗinkin wani.

"Ina hayaƙin?" ya ce. "Wuta haka, da rana ta ɓace. Kuma dubi wannan, yana tsakiyarta yana jawabi. Wuta ba ta barin mutum ya yi jawabi. Tari kawai ake yi."

"Ofisaaa," in ji Mama.

Ya mayar da ido kan talabijin. Sai aka nuno wani abu da bai kai minti ɗaya ba. Wutar ta mutu, wani mai gadi da ko suna ba a ba shi ba ya zauna a bakin rijiya, fuska duk toka. Wata mata ta miƙa masa ruwa. Ya karɓa, ya kai baki, hannunsa na rawa, ruwan ya zube a ƙirjinsa. Ya sake gwadawa da hannu biyu, ya kasa. Sai ya ajiye ƙoƙon yana kallon tafukansa.

Ofisa ya ajiye biro.

"Wannan sun tambayi wani," ya ce.

Auta ta tsayar da hoton. "Ya taɓa faruwa da kai, Baba?"

"Sau ɗaya. A gobarata ta farko."

"Bayan ka shiga aiki?"

"Kafin."

Auta ta san ubanta da kaki aka haife shi, don haka ta juyo gaba ɗaya. Shi kuma, ko maganin ciwon ne ya sassauta masa harshe ko zaman sati biyu, sai ya ba da labari yana kallon bango. Yana da shekara ashirin da biyu aikin wayar lantarki yake yi, ya koya rabi da rabi ya buɗe nasa. Wani tela mai keken ɗinki shida ya ba shi aikin shagonsa. Waya ta ƙare masa, kanti ya yi nisa, sai ya ƙarasa da siririya ya naɗe da salatif ya tura bayan silin. Kwana tara bayan nan, da tsakar rana, shagon ya kama. Yana wucewa ya ga hayaƙi. Ya shiga sau huɗu, ya fito da kan keke huɗu. Ba wanda ya mutu, amma kayan mutane na ɗinki duk sun tafi. Da aka gama, 'yar telan ta miƙo masa ruwa a kofin silba, ya kasa sha. Kowa na cewa jarumi ne. Kwana uku ya yi yana taya su kwashe toka, a na huɗu ya sayar da kayan aikinsa ya je ya cika takardar shiga kwana-kwana.

"Shagon tela," in ji Auta a hankali. "Baba, ai kakanmu..."

"Shi ne."

Auta ta dubi uwarta. Ofisa bai iya dubanta ba. Shekara talatin da shida yake ɗauke da maganar nan, ya sha shirya yadda zai faɗe ta, amma bai taɓa zaton zai faɗe ta da ƙafa a kan tebur ba.

Mama ta ɗauki kofinta ta kurɓa.

"Kofin roba ne," ta ce. "Ba na silba ba."

"Abin da za ki ce ke nan?"

"To me zan ce? Tun ranar babana ya sani. Shi ya ciro wayar daga cikin toka, da salatif ɗinka a jiki. Ya nuna min ya ce in yi shiru, yana so ya ga ko za ka dawo washegari. Ka dawo da shebur."

Ofisa ya juyo ya dube ta. "Da na zo neman aurenki fa?"

"Ya ce ya ba ka, amma kada a bar ka ka taɓa ko ƙwan fitila a gidansa. Ba ka lura kullum maƙwabci ake kira ba?"

Ya lura. Ya ɗauka girmama suruki ne.

"Shekara talatin da shida kin sani, ba ki faɗa min ba?"

"Ba ka tambaya ba. Kuma mutum yana min shara da wanke-wanke ba a sa shi ba, yana kallona kamar mai laifi, ni zan ɓata wa kaina?"

Auta ta kifa fuska a kan hannun kujera, kafaɗunta na girgiza. Ofisa ya rasa wanda zai fara kulawa, sauƙi ko haushi. Daga baya ya ce a ƙarasa kallon, tunda an fara.

Da aka gama, Auta ta tambaye shi yadda ya ga shirin. Ya ce ba laifi, an yi ƙoƙari, gine-ginen sun yi kyau amma ba zai sa wa ko ɗaya hannu ba.

Daga ranar ya ce ko ya warke ya daina wanke-wanke, ya gama biyan hukuncinsa. Kwana biyu yajin ya yi. A na uku Mama ta shiga kicin da safe ta same shi a kan kujera gaban famfo, sandarsa a jingine, hannu cikin kumfa. Bai juyo ba, ya ce ba ta iya ɗauraye kofi ba.