Motar da Ta Kulle Surukin Tela

Taubashina Tela mutum ne da ko allura ta soke shi sai ya ba ta haƙuri. Sabuwar motarsa ce ta koya masa zagi.

In ya kunna sigina, gilashi ke sauka. In ya taka birki, rediyo ya kama waƙa. Kullum mai gyaran wayar mota sai ya jona kwamfuta ya ce, "Lafiyarta ƙalau, maigida."

"Lafiyar uwar wa?" in ji Tela, jijiyar wuya a miƙe.

Burinsa ɗaya, surukinsa ya daina kiransa "yaron nan mai babur". Ranar da ya ɗauko tsohon daga asibiti, suna isa gida Tela ya fito zai buɗe masa ƙofa, sai motar ta kulle kanta, makulli na ciki, ta hau kururuwa. Unguwa ta taru. Tsoho na dukan gilashi da sanda: "Kai! 'Yata na ba ka, ba raina ba!"

Tela ya ɗauki dutse, idonsa jajur, ya tarwatsa gilashin baya. Tsoho ya fito, ya kakkaɓe riga, ya ce, "Gobe ka zo da babur ɗin."