Matar da Ta Ƙi Amsa Tambaya a Xiaobei

Ana idar da sallar asuba muka bar gida, ni da ƙanwar maigidana wadda muke haɗa sari tare, muka nufi filin jirgin Kano. Mun yada zango a Addis Ababa, muka yi zaman jira har ƙafa ta kumbura, sannan muka miƙa sai Guangzhou. Jakunkunan mata ne suka kai mu, don sallah ta matso kuma shago ya yi fayau.

A unguwar Dengfeng ta Guangzhou muka sauka. Gari ne mai zafi da gumi, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. A ƙasan benenmu Hausa ce ta ko'ina, ta Kano da ta Maraɗi, har ka manta inda kake, sai ka nemi abu a shago an ce maka "me yo", wato babu.

Washegari muka ɗauki mota zuwa Shiling. Titi sumul, gari kuwa duk warin fata da gam. Kaya sun yi tsada fiye da bara, kuma ba a yi maka ragi sai an ga ka juya baya. A wata masana'anta muka haɗu da wata 'yar Indiya, sa'ata ce, ita ma jaka take sara. Na lura yatsunta biyu a karkace suke. Ta ga ina kallo, ta yi dariya ta ce aikin kurket ne, wasan da ake jefa ƙwallo mai tauri a buge ta da faffaɗar sanda. Tana budurwa ita ce mai durƙusawa bayan mai bugu tana cafke ƙwallon da ta kuɓuce masa. Ta buga wa makarantarsu, ta buga wa gundumarsu, kafin aure da hidimar gida su raba ta da fili.

Ta gayyace mu wani gidan abincin Indiyawa a unguwar Xiaobei, ta ce matan ƙasarsu suna da wasa bayan la'asar, kuma mai gidan abincin ya yi mata alkawarin teburin gaban talabijin.

An fara wasa ke nan sai ga wasu 'yan kasuwa Indiyawa sun shigo. Wani mai tumbi a cikinsu ya ɗauki rimot ya mayar da tasha kan wani tsohon wasan maza da ake maimaitawa. Ta ce masa kallo muke yi. Ya dube ta yana murmushi.

"Madam, wancan ai motsa jiki ne. In har kin san kurket, lissafo min hanyoyin da ake fitar da mai bugu."

Na zaci za ta zazzago masa su. Sai ta gyara zama.

"Kai da ka shigo, wa ya yi maka jarrabawa kafin ka zauna? Ba zan amsa ba. Kallo na zo, kuma matan nan zan kalla."

Mai gidan abinci ya zo yana murza hannu, ya roƙe ta ta koma teburin baya ta kalla a waya, don waɗannan kwastomominsa ne na kullum. Ta juyo ta dube mu. Ƙanwar maigidana ta raɗa min, "Yaya, mu tashi, ba rigimarmu ba ce."

Na ce, "Zauna. A teburin nan za mu ci abinci."

Na jawo kujerata gaban talabijin sosai, na ce wa mai gidan, "Oga, kawo mana shinkafa da shayi, sannan a mayar mana da tasharmu." Ya daɗe yana kallonmu, mata uku ba mai niyyar motsi. Ya karɓi rimot ya mayar.

Wasu suka fice, sauran suka zauna bayanmu suna gunaguni. Shinkafar ta yi daɗi, amma yajinta ya sa ƙanwar maigidana hawaye. Ni kuwa ban fahimci komai a wasan ba. Sau ɗaya na rangaɗa tafi, ashe tamu aka fitar. Can wata 'yar wasanmu ta yi sufa ta cafke ƙwallo dab da ƙasa, sai mai tumbin nan ya miƙe da ihu. Da ya tuna kansa ya koma ya zauna yana gyaran riga.

Matan Indiya ba su ci wasan ba. Ƙawarmu ta share ido da gefen gyalenta, ta kira mai gidan ta kama teburin na wasa mai zuwa. Mai tumbi bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba.

Muka kai kayanmu kago, wurin masu turo kaya gida, muka dawo Kano lafiya. Abin da na ɗauko a tafiyar nan shi ne ba kowace tambaya ake yi don neman amsa ba, wata don a tashe ka daga kujera ce. Ni na daɗe ina bin ƙwallon ƙafa, amma in maigida da ƙannensa suka cika falo suna kallon wasa, zoɓo nake kai musu in koma ciki in kasa kunne. Ranar Asabar ɗin nan na ajiye jug, na tsaya. Autansu ya ce, "Anti, kin ma san su wa ke bugawa?"

Na ce, "Matsa ka ba ni wuri."