Maharazu da Yistin Bazara

Maharazu ɗan 'Yardada mai gurasa ne, ƙanin Sabo, haifaffen Mandawari. A gaban tanderu ya tashi, kuma tun yana ƙarami babu lokacin da ya tsana irin bazara. Da zarar zafi ya kankama, kwaɓin uwarsa sai ya fara cin amanarta. Ta kwaɓa da safe, kafin hantsi ya yi tsami ya kwanta, gurasa ta fito da tauri kamar ƙirgi. 'Yardada takan ce baki ne ya kama ta, ta yi turare, ta yi sadaka, gobe kuma a maimaita.

Da ya je jami'a ya karanci ilimin ƙananan halittu, sai ya gane ba bakin kowa ba ne. Yisti halitta ce mai rai, kuma wanda ake sayarwa a gwangwani daga ƙasashen sanyi ya fito, bai saba da zafin Kano ba. Ya samu aiki a wata cibiyar bincike ta gwamnati a bayan ganuwa, ya ƙudurta sai ya nemo yistin da ba ya tsoron bazara.

Ya bi kasuwanni yana sayen mangwaro da ɗinya da kanya da suka nuna suka wuce kima, yana kankare bayansu, yana renon abin da ya samu a ƙananan kwalabe. Kowanne sai ya gana masa azaba: ya ƙara masa zafi, ya cika masa gishiri, ya cika masa sukari, ya ga wanda zai jure. Akwai kuma gwaji da sifirit, irin wanda ake goge wurin allura da shi a asibiti, domin yisti idan ya ci sukari yana fitar da iskar da ke tayar da kwaɓi, yana kuma fitar da 'yar barasa wadda wutar tanderu ke korewa, to rarraunan yisti a cikinta yake mutuwa. Waɗanda suka fi kowa rubutu a kan wannan juriya su ne masu nazarin sinadaran giyar inabi a Turai. Don haka mujallunsu suka cika teburinsa, da hoton inabi da ganguna a bangonsu. Bai taɓa ɓoye su ba, don bai ga abin ɓoyewa ba.

Zamanin soja babu wanda ya kula shi, babu kuma wanda ya taimake shi. Idan an ɗauke wuta, da kansa yake ɗauko ƙanƙara a bayan babur ya jera a firij. Shekaru ya yi a haka kafin ya dace da wani yisti daga bayan kanyar da ya saya a Ƙofar Mazugal. Wannan ko an kai shi zafin da 'yan'uwansa duk suka mutu, shi yana nan yana aiki. Saura ya kammala gwaji a ba shi izinin bai wa masu gurasa.

Sai aka buga gangar siyasa. Soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, Sabo ya fito takarar kansila, abokin hamayyarsa kuma Jibrin, wanda suka yi makarantar allo ɗaya da Maharazu. Jibrin ya ci gurasar gidan nan ba iyaka. Ya taɓa zama a ɗakin Maharazu ya ɗauki mujalla ɗaya ya tambaya, aka yi masa bayani dalla-dalla, ya gyaɗa kai, har ya ce a ara masa ya nuna wa 'yarsa mai son karatun likita.

Mujallar nan ita Jibrin ya ɗaga a bayan akori-kura, da lasifika a bakinsa.

"Jama'a, ni ban ce komai ba," in ji shi. "Amma ku tambayi gidan su Sabo abin da ake jiƙawa a kwalabe. Ku tambaya me ake zubawa a gurasar da 'ya'yanku ke ci."

Washegari aka fara dawo wa 'Yardada da gurasa. Masu bandashe, wato gurasar da ake haɗawa da ƙuli-ƙuli da mai, da suka yi shekaru suna sari a wajenta suka koma wani gida. Tsohuwa ta zauna a gaban tanderu da kwandunan da ba a taɓa ba, ba ta ma gane laifinta ba. Ko ɗigon abin da ɗanta yake reno bai taɓa shiga kwaɓinta ba.

Maharazu ya tafi wajen limamin unguwa, Malam Audu. Ya yi bayani tun daga farko. Malam ya saurara, ya ce, "Ai wannan a fili yake. Yisti ba haram ba ne. Waina da funkaso da alkaki duk sai sun kwana sun tashi, iyayenmu sun ci, mun ci."

"To, Allah gafarta Malam, a faɗa wa mutane bayan sallah."

Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi. "Lokacin siyasa ne, Maharazu. In na yi magana za a ce na ɗauki ɓangare. Ka yi haƙuri, za ta lafa."

"Uwata ake cewa tana ciyar da Musulmi giya, Malam. Wannan ma ɓangare ne?"

Malam ya ci gaba da jan carbinsa. Maharazu ya tashi ya fita ba sallama, abin da bai taɓa yi wa babba ba.

A gida Sabo ya tare shi a soro. "Ka fito da takardun nan ƙofar gida ka cinna musu wuta, kowa ya gani. Ka ce ka tuba, shi ke nan."

"In tuba daga me, Yaya?"

"Ba sai ka yi laifi ba. Baki kawai za mu rufe."

"In na ƙona, na yarda ke nan cewa Inna ta sayar da haram. Wallahi ba zan ƙona ko shafi ɗaya ba."

Sabo ya faɗi zaɓe, ya kuma ɗora wa ƙaninsa laifin. Suka daina cin abinci a kwano ɗaya.

Bayan an rantsar da gwamnati, maganar ta bi Maharazu har wajen aiki. Za a naɗa wa cibiyar sabuwar hukumar gudanarwa ta 'yan siyasa, daraktan kuma yana son a bar shi a kujerarsa. Mutum ne da ya san aikin sarai, shi ne ya sa hannu a kowane mataki na binciken yistin. Ya kira Maharazu ya ce masa an zaɓe shi ya je wani taron ƙara wa juna sani a Zariya. Maharazu har godiya ya yi.

Da ya dawo ya buɗe firij, sai ya tarar da shi a wanke tas, an jera lemo na baƙin da za su zo zagaye. Masinja ya ce an juye kwalaben yistin a kwata, an bi da ruwan zafi.

Ya shiga ofishin darakta bai ƙwanƙwasa ba.

"Ina yistina?"

"Zauna, Malam Maharazu. Ka san yanayin da ake ciki. Mutanen nan in suka ji kalmar giya, cibiyar gaba ɗaya za su rufe. Kare ka na yi."

"Ka san ba giya ba ce."

"Na sani. Ba kuma ni za ka gamsar ba. Ai kanya ba ta ƙare a kasuwa ba, sai ka sake nema."

Wannan magana ita ta fi ƙona shi. Da wanda bai sani ba ne ya yi masa ƙazafi, da ya iya haɗiyewa. Amma Jibrin ya sani, liman ya sani, darakta ya sani, kowa kuma yana da abin da yake karewa wanda ya fi gaskiyar tsada a wajensa. Ya koma ɗakin gwaji ya fitar da lemon nan, ya riƙa maka kwalaben da bango ɗaya bayan ɗaya, har masu gadi suka riƙe shi. Aka dakatar da shi. Bai jira kwamitin ladabtarwa ba, ya ajiye aikin.

Ya sake neman yistin a gida, da tukunyar ƙasa da aron kayan aiki, bai ƙara dacewa da irinsa ba. Daga baya ya kama koyarwa a wata sakandaren 'yan mata wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Ɗalibai suna tsoron faɗansa, suna kuma cin jarrabawarsa. 'Yardada ba ta sake samun kasuwa ba. Ta rushe tanderun da hannunta, ta koma sayar da kuka da daddawa a soro, har Allah ya karɓi abarsa.

Ranar sadakar uku Jibrin ya zo, ya yi ƙiba, da mutane a bayansa. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya matso kusa da Maharazu ya rage murya.

"Ɗan'uwa, abin da ya wuce ya wuce. Siyasa ce, ka san halinta. Ka yafe mini."

Maharazu ya dubi hannun da aka miƙo masa. "A lasifika ka faɗa, Jibrin. Ga mutanen Mandawari nan a zaune. Tashi ka gaya musu ƙarya ka yi wa Inna, yadda na bayan layi zai ji."

Sabo ya taɓa gwiwar ƙaninsa, Maharazu ya ture hannun. Jibrin ya waiga ya dubi jama'a, ya gyara hularsa, ya ce, "Allah ya jiƙanta da rahama." Ya nemi takalmansa ya tafi.

Dattawa sun yi ta yi wa Maharazu faɗa, wai wurin makoki ba wurin tone-tone ba ne. Ya saurare su har suka gama, ya ce ya ji. Sannan ya ce a gaya wa Jibrin ƙofa a buɗe take, duk ranar da ya shirya ya zo da lasifikarsa. Jibrin ya ci gaba da siyasarsa, bai kuma ƙara bi ta layin ba.