Dariyar Ƙarshe ta Lawali

Ga kacici-kacici, ku da kuka yi lakwal, wato boko, mai zurfi: mutumin da ya kwashe shekaru yana sa ƙasar Damagaram dariya, wa ya ba shi tasa dariyar ta ƙarshe?

Da hantsi ina zaune ina ɓarar gyaɗar iri, sai waya ta yi ƙara. Rabi ce, matar jikana Lawali, daga asibitin Damagaram. Ba ta ko gaishe ni ba, ta ce, "Kaka, maigidanki ya tafi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni da nake jiran ya sa ni a rami, ga shi ya riga ni.

Lawali ɗan fari ne wajen ɗana Haruna. Ana yaye shi aka kawo mini nan Dungas, don iyaye ba sa sakin jiki da ɗan fari. Haruna bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". Ni kuwa Maigida nake ce masa, shi ya ce mini Amarya Ba Haƙori.

Tun yana ƙarami yake kwaikwayon dillalan awaki ranar kasuwa, har su bar ciniki su kewaye shi. Daga nan sai gidan samari na Magarya, inda aka fara miƙa masa mikro ya tsaya shi kaɗai gaban jama'a. Sai tele a Damagaram, sai Yamai, sai masu fim na Kano suka aiko a zo da shi. Ranar da na fara ganinsa cikin tele, tsohon zanena ne a jikinsa, muryata ce a bakinsa, har da yadda nake jan ƙafar hagu. Da ya zo gida na ce, "Ɓarawon zane, haka ake riƙon amarya?" Ya ce, "Na kai ki Yamai ba ki hau mota ba, me kuma kike so?"

Ni kaɗai ya yi wa wannan satar, don jika da kaka ba shari'a. Sauran mutane kuwa yana da doka. Kafin ya kwaikwayi mutum a fim ko a tele, sai ya sayi goro ya je har gidansa, ya yi wasan a gabansa. In ya yi dariya, to. In bai yi ba, an binne maganar. Akwai wani mahauci a Sassumbrum mai in'ina, Lawali ya iya shi kamar ya haɗiye shi. Ya je ya yi masa, mutumin ya sunkuyar da kai. Masu fim suka yi ta lallashi, ya ƙi. Cewa yake, "In mai abu bai yi dariya ba, zagi ne." Yakan kuma ce, "Mai ƙoshi nake tsokana, mai yunwa ya riga ya sha tsokanar duniya." Na gode wa Allah da ya ba shi wannan hali, don ba ni na koya masa ba. Ni bakina ba linzami.

Mutum ɗaya ne bai taɓa kwaikwaya ba, balle ya kai masa goro: ubansa. Haruna in an kunna tele Lawali ya fito, sai ya sa takalmi ya fice. Yaro ya ɗauki abin ya ajiye a zuci, bai gaya wa kowa ba.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, muka je dubiya. Haruna ya tsaya bakin ƙofa, ya tambayi Rabi, "Yaya jikin yaron nan?" ya koma gindin bishiya. Lawali ya bi bayansa da ido, sannan ya kamo hannuna. Ya ce, "Amarya, tsakaninki da Allah. Kara Baba yake mini irin ta ɗan fari, ko sana'ata ce ta zubar masa da mutunci? Ina so in sani kafin in tafi."

Na ga in na ba shi amsa da baki zai ce lallashi ne. Sai na miƙe, na naɗa gyalena kamar rawani, na ɗaure fuska, na nuna masa abin da na sha gani ta kafar danga. Yadda Haruna ke zagawa bayan rumbu da waya cikin aljihu. Ya duba dama, ya duba hagu. Ya tsuguna ya kunna wasan yaron nan ƙasa-ƙasa. Kafaɗu su fara rawa, ya cusa hannun riga a baki. In ta ci ƙarfinsa sai ya mai da ita tari, ya miƙe ya daka wa akuya tsawa: "Ke! Wa ya kwance ki?"

Lawali ya yi dariya har gadon ƙarfe na ƙara, har ma'aikaciyar asibiti ta leƙo. Yana share hawaye ya ce, "Amarya, kin karya doka, ba ki kai masa goro ba." Na ce, "Ni na haife shi, ni za a kawo wa goro." Rabi ta ce daga ranar ƙarfin dariya ya ƙare masa, amma fuskarsa a sake take har ya cika.

A zaman makoki na kira Haruna ɗakina na gaya masa duk yadda aka yi. Ya ce, "Inna, ya yi dariya?" Na ce, "Har da hawaye." Ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Lawali." Ranar na fara jin sunan a bakinsa.

Allah ya gafarta wa Maigidana, ya haskaka kabarinsa, ya sa farin cikin da ya raba wa bayinsa ya tarar da shi a can. Allah ya ba Rabi haƙuri, ya raya 'ya'yansa, ya sanyaya zuciyar iyayensa. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Wanda ya ba shi dariyarsa ta ƙarshe ubansa ne, Haruna, yana zaune gindin bishiya bai ma sani ba.